Iyafis Mai Igiya Ko Na Bluetooth: Jagora Ga Mai Waya A Jangeru Da Kewaye

Duk wanda ya tsaya gaban teburin mai kayan waya a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko a shagunan da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya ke yi wa tsinke a Ƙauran Namoda, zai tarar da kaya iri biyu a jere. Ga iyafis mai igiya rataye cikin leda, ga kuma na Bluetooth, 'yan tagwaye kwance cikin ɗan akwati mai fitila. Idon matashi a kan na biyun yake fara sauka, kuma ba a ga laifinsa ba: babu igiyar da za ta harɗe, ga shi abin yayi. Sai dai kamfanonin da ke ƙera waɗannan kaya ba da wutar lantarkinmu suka yi lissafi ba, ba da zafin bazararmu ba, ba kuma da ƙurar hunturunmu ba. Ra'ayina a fili yake tun farko. Ga mutumin Jangeru da na Zurmi da ƙauyukan da ke tsakani, mai igiya shi ne abin dogaro, na Bluetooth ƙari ne ga mai hali. Kuma kada ka sayi wayar da ba ta da ramin iyafis sai ka san abin da za ka rasa.

Ramin nan da ke sama ko ƙasan waya faɗinsa milimita 3.5 ne, kuma ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Kakansa shi ne babban kan ƙarfe mai milimita 6.35 da ma'aikatan tarho ke sokawa a allon haɗa kira tun ƙarshen ƙarni na 19. Babban yana nan har yau, shi ake sokawa a jikin amfilifayar masallaci. Ƙaramin ya bazu tare da ƙananan rediyoyi, sannan Walkman da kamfanin Sony ya fitar a 1979 ta kai shi ko'ina a duniya. Babbar darajarsa ita ce ba na kowane kamfani ba ne. Iyafis ɗin da ya shiga itel zai shiga Samsung, ya shiga rediyo, ya shiga kwamfuta.

A watan Satumban 2016 Apple ya fitar da iPhone 7 babu wannan rami, kuma a zama ɗaya ya gabatar da AirPods, iyafis ɗinsa marar igiya. Google ya bi sahu a 2017 da Pixel 2, Samsung a 2019 da Galaxy Note 10. Hujjarsu ita ce a samar wa batir fili, a kuma rage kafar da ruwa zai shiga. Akwai gaskiya a ciki, amma kowa ya ga sabuwar kasuwar da suka buɗe wa kansu. Alhamdu lillahi, yawancin wayoyin da aljihunmu ke iya ɗauka, ƙananan Tecno da itel da Infinix da Redmi, har yanzu da raminsu suke zuwa. Amma cirewar ta fara gangarowa kan matsakaitan wayoyi, don haka juya wayar ka duba da idonka, kada ka dogara da hoton kwali.

Me ramin yake ba ka? Na farko, iyafis mai igiya ba ya neman caji. Ɗan abin da yake buƙata daga wayar yake ja, kuma bai taka kara ya karya ba. A garin da ake kai waya shagon caji a biya kuɗi, ko a jira rana ta bugi faifan sola, wannan kaɗai ya isa hujja. Mai Bluetooth kuwa kaya biyu yake kaiwa caji, waya da akwati, kuma ranar da akwatin ya mutu, 'yan tagwayen sun zama kayan ado.

Na biyu shi ne rediyo, kuma a nan nake so a tsaya a yi tunani. A farkon Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta ba da umarnin kashe sabis ɗin waya a duk faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle. Da farko mako biyu aka ce, sai abin ya zarce. An maido wa Gusau sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi suka ci gaba da jira. Babu kira, babu WhatsApp, babu Facebook, har mutane na tsallakawa wata jihar don su gaisa da 'yan'uwa. A waɗannan makonni abu biyu ne suka rage wa waya: abin da ke cikin memori, wato karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙi da finafinan da aka turo, sai kuma rediyon FM. Shi rediyon waya ba ruwansa da sabis, ba ruwansa da data. Eriya kawai yake nema, kuma a yawancin wayoyi igiyar iyafis ita ce eriyar. Shi ya sa idan ka buɗe rediyo babu iyafis, wayar take cewa ka soka shi tukuna. Na Bluetooth ba zai taɓa yin wannan aiki ba, domin ba shi da igiyar da za ta kamo tasha.

Ga dabarar da ta kamata kowane gida ya sani. Ko iyafis ya mutu, kunnuwa biyu sun daina magana, kada a yar da shi. Soka shi, buɗe rediyo, sannan ka taɓa alamar sipika a cikin manhajar rediyon, sai murya ta fito waje kowa ya ji, igiyar kuma tana aikinta na eriya. Miƙe ta tsaf, kada ka bar ta a dunƙule. Idan tashar na shashsheka, fita tsakar gida ko ka rataya igiyar a ƙusa kusa da taga, ka riƙa juya ta a hankali har muryar ta washe. Ƙarfin tashoshin Gusau irin su Pride FM ya danganta da inda kake da kuma tsawon igiyarka. Wasu ƙananan wayoyi masu madannai suna da eriya a ciki, suna kamawa ba iyafis, amma su ma igiya na ƙara musu ƙarfi. A sani kuma, waya FM kaɗai take kamawa. Shirin safe na gidajen rediyon ƙetare a gajeren zango sai akwatin rediyo na gaske, sai fa idan wata tashar FM ta ɗauko shi.

Na uku, ramin ƙofa ce ta shiga da fita. Da 'yar igiya mai kai biyu za ka haɗa waya da amfilifayar masallaci, da rediyon mota, da sipikar biki. Malamin da ake ɗaukar tafsirinsa da azumi, ƙaramin makirfo mai maƙalawa a wuyan riga ta wannan rami yake shiga, kuma muryar da zai ɗauka ta fi ta wayar da aka ajiye a kan darduma nesa da baki.

Batun daɗin sauti kuwa, ga yadda abin yake. A mai igiya, wayar ce ke yin dukkan aikin: ta mai da waƙar da ke memori zuwa ɗan ƙarfin lantarki, igiya ta ɗauka, 'yar sipikar kunne ta kaɗa. A na Bluetooth sai wayar ta matse sautin, ta watsa shi ta iska a zangon gigahaz 2.4, kowane kunne ya kama, ya warware, ya ƙara masa ƙarfi. Ke nan cikin ɗan abin da bai kai ƙwallon dabino ba akwai batir, da na'urar kama saƙo, da ta ƙara ƙarfi, da makirfo, da sipika. Idan mai araha ne, kuɗinka an raba shi gida biyar, kowane gida ya sami ɗan kaɗan. Wannan kuɗin da a mai igiya ka zuba shi, da sipika mai kyau da igiya mai ƙwari ka saya, har da canji. Matsewa da warwarewar nan kuma suna cin lokaci, shi ya sa a masu araha za ka ga bakin ɗan wasa ya motsa kafin maganar ta iso.

Batir ne babban raunin iyafis na Bluetooth. Na cikin kowane kunne bai cika wuce 30 zuwa 50 ba a ma'aunin da batirin waya ke kai 5,000. Yana sabo zai yi awa huɗu ko biyar. Amma irin wannan batir ba ya shiri da zafi, ga shi a nan daga Maris zuwa Mayu zafin rana na haura digiri 40. Wanda ke barin akwatin a gaban mota, ko a aljihun babur, ko kan faifan sola yana caji cikin rana, da hannunsa yake rage masa kwana. Sannu a hankali awa huɗu ta koma biyu, ta koma rabin awa, yawanci kunne ɗaya ya riga ɗaya mutuwa. Da gam aka liƙe shi, ba a yi shi don a buɗe ba, kuma da wuya ka sami mai gyaran da zai canza maka batirin.

Duk da haka ba na hana kowa saye, domin akwai inda ya fi. Mai injin niƙa da mai walda da duk wanda ke aiki kusa da bel mai juyawa, igiya mai lilo haɗari ce gare shi. Tela a kan keke, uwargida a bakin murhu ko tana wanki, duk Bluetooth zai sauƙaƙa musu. Yana kaiwa kimanin mita goma idan babu bango tsakani, ke nan waya na caji a ɗaki kana tsakar gida kana sauraro. Ga irin waɗannan, shawarata a sayi mai ratayawa a wuya, wanda kunnuwansa biyu ke haɗe. Batirinsa ya fi girma, kuma idan ka cire shi za ka yi alwala sai ya tsaya a ƙirjinka. 'Yan tagwayen nan da yawansu a wurin alwala da cikin motar haya suke salwanta, kuma da zarar ɗaya ya ɓata, ɗayan ya rage daraja.

Yadda za ka zaɓi mai igiya

Fara da kan ƙarfen. Za ka ga zobba, baƙaƙe ko farare, sun kewaye shi. Zobe biyu na nufin sauraro kaɗai, babu makirfo. Zobe uku na nufin akwai makirfo da maɓallin amsa kira. Idan don kira da saƙon murya kake so, mai zobe uku za ka ɗauka. Sai ka dubi wuyansa, inda igiya ta shiga kan ƙarfen, domin a nan ne mafi yawansu ke karyewa. Nemi wanda robar wuyansa ke da tsawo da laushi. Mai lanƙwasasshen kai ya fi miƙaƙƙe daɗewa ga mai sa waya a aljihun gaba, saboda ba ya tokarewa idan an zauna.

Kada ka bar wurin sai ka gwada. Ka ce, "Malam, bari in gwada shi nan gabanka." Mai kaya na gari ba ya ƙi. Kunna karatu ko waƙar da ka sani sarai. Saurari kunnen dama shi kaɗai, sannan na hagu, ka tabbata ƙarfinsu ɗaya. Yana cikin magana, kama wuyan ka motsa shi hagu da dama, ka juya kan a cikin ramin. Idan ka ji ƙaras-ƙaras ko sautin ya ɗauke, mayar masa. Sannan buɗe manhajar ɗaukar murya, yi sallama ta makirfon igiyar, ka saurari kanka. A ƙarshe buɗe rediyo ka ga ko ya kama.

Akwai wata matsala da ke rikita mutane. Wani lokaci sai ka ji kiɗa na fita amma muryar mawaƙin ta yi nisa, sai ka danne maɓallin makirfo ta dawo daidai. Ba wayarka ce ta lalace ba. Masu zobe uku tsari biyu ne: tsofaffin Nokia da wasu wayoyin wancan zamani sun jera makirfo a wani gurbi daban da na wayoyin yanzu. Iyafis ɗin tsohon tsari ne, canza shi kawai. Haka ma idan rigar waya mai kauri ta hana kan shiga har ƙarshe, irin wannan sautin za ka ji, don haka fara cire rigar ka sake gwadawa.

Wanda ya ƙudurta sayen na Bluetooth shi ma ya gwada a wurin. Haɗa shi da wayarka, miƙa wa mai shago wayar, ka ja da baya taku goma ka ji ko zai yanke. Kunna bidiyo ka dubi baki da murya. Kira wani ka tambaye shi yadda yake jin ka, domin makirfon yana can kusa da kunne, nesa da baki, kuma a cikin hayaniyar kasuwa masu araha hayaniyar suke kwasa. Mayar da kunnuwan cikin akwati ka tabbata dukansu sun nuna alamar caji. Jabu sun cika kasuwa. Abin da aka rubuta wa sunan Apple ana sayar da shi kuɗin katin waya, kowa ya san ba shi ba ne. Gara ka sayi na kamfanin da ya sa sunansa na gaskiya, irin su oraimo, wanda yake gida ɗaya da Tecno da itel da Infinix a ƙarƙashin kamfanin Transsion na China, kuma ka saya a shagon da za ka iya komawa gobe.

Idan kuwa ka riga ka sayi waya marar rami, akwai 'yar guntuwar mahaɗa da ake sokawa a kafar caji. Iri biyu ce: mai ɗan ƙwaƙwalwar sarrafa sauti a ciki, da wadda igiya ce zalla. Wayoyi da yawa ba sa karɓar ta biyun, don haka da wayarka za ka je ka gwada. Ka kuma sani, ba ka caji kana sauraro sai da mahaɗa mai baki biyu, galibin irin waɗannan wayoyi ba su da rediyon FM, kuma duk wahalar soke-da-zare ta koma kan kafa ɗaya tilo. Ranar da ta sassauta, caji da sauraro duk sun tsaya tare.

Kula da gyara

Ƙurar hunturu da zaren aljihu suna taruwa a ƙasan ramin har su daskare. Alamarsa: kan iyafis ba ya shiga ya ce ƙas, ko kunne ɗaya ya ɗauke, ko wayar ta nuna hoton iyafis a sama alhali babu komai a ciki, ta ƙi magana ta sipika. Kashe wayar tukuna. Ɗauki tsinken sakace na itace, feƙe shi ya yi siriri, juya ramin ya kalli ƙasa, ka sa tsinken a hankali kana jawo dattin waje, ba turawa ba. Za ka yi mamakin dunƙulen da zai fito. Kada ka sa allura ko fil, domin akwai 'yan siraran ƙarafa a ciki da ke lanƙwashewa. Kada ka hura da baki, danshi ne kake turawa. Kada ka zuba fetur ko turare. Idan ruwa ne ya shiga, bar ta a kashe a inuwa mai iska ta bushe. Abin da ya fi ƙarfin wannan sai mai gyara, kuma canza ramin ƙaramin aiki ne a gare shi.

Igiya kuwa, abin da ya fi kashe ta shi ne naɗe ta a jikin waya kan yana soke. Zare shi ta hanyar kama kan, ba jan igiya ba. Naɗe ta sako-sako a yatsu uku, ka sa cikin 'yar jaka ko tsohon gwangwanin alewa. Tun yana sabo, ciro sifirin ɗin tsohon biro ka murɗa shi a wuyan, zai hana igiyar karyewa a wuri ɗaya. Kada a kwanta barci da shi a kunne. Juyi ɗaya ke tsinka shi.

Idan kunne ɗaya ya ɗauke, kada ka yi saurin yarwa. Kunna sauti, ka bi igiyar da yatsu biyu kana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan daga kai har kunne. Inda sautin ya dawo ya sake ɗaukewa, nan ne karayar, kuma yawanci a wuya take. Mai gyara zai yanke daga sama da wurin, ya feɗe robar, ya tarar da 'yan zaruruwa masu launi, galibi ja da kore ko shuɗi da ruwan tagulla. Launin nan fenti ne mai hana su taɓa juna, sai an ƙona bakinsa ko an kankare kafin dalma ta kama. Daga nan ya liƙa su a sabon kai, kowanne a gurbinsa. Ga iyafis mai kyau gyaran ya fi sayen sabo sauƙi. Mai arahar gaske kuwa bai cancanci gyara ba, a bar shi ya zama eriyar rediyo.

Saura maganar kunne, wadda ta shafi mai igiya da marar igiya baki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraro da ƙarfi, ta kuma ba da shawarar kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya. Ma'auni mai sauƙi: idan na kusa da kai yana jin abin da kake ji, ko sai ya ɗaga murya kafin ka ji shi, ka yi yawa. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Iyafis mai robar da ta zauna daidai a kunne na tare hayaniya, sai ka ji sosai ba tare da ƙure murya ba. A riƙa cire robar ana wankewa, kuma a rage aron iyafis tsakanin abokai, domin ciwon kunne na bin sa.

A halin rashin tsaron da yankinmu yake ciki kuma, ina roƙon matasa musamman: a kan hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ko ta Zurmi, ko a gona, ko da dare a ƙofar gida, kada a toshe kunne biyu. Sa ɗaya, bar ɗaya ya ji ƙarar babura da kiran mutane. Mai tuƙi ya cire gaba ɗaya. Wanda kuma yake jin kunnensa na ƙugi bayan ya cire iyafis, ko yana ciwo, ko yana fitar da ruwa, ya ajiye sauraro ya je babban asibitin Shinkafi ko na Ƙaura ko na Zurmi a duba shi. Kada ya tura tsinke, kada ya ɗiga maganin da ba likita ne ya ba shi ba.